Garin da ke Ƙarƙashin Teburin Tela

Shekarun baya, lokacin muna haya a unguwar Yantala a Yamai, kafin Allah ya ba mu ɗan filinmu a Bobiel, na taɓa sayen wani littafin yara don kawai na ga tambarin zinariya a bangonsa. Ko shafi ɗaya ban buɗe ba. Ni fa mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, mai yi wa ɗalibai faɗa kullum a kan su karanta abu kafin su buɗe baki. To ku ji yadda littafin nan ya kusa tsayar mini da zuciya.

Gidan da muke ciki irin gidan nan ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Maƙwabcinmu tela ne, mutumin Maradi, shagonsa na nan bakin ƙofar gida. Shi Musulmi, mu Kirista daga Dogondutsi, amma ranar Sallar layya sai mun ci nama har mun gaji, ranar Nowel kuma, wato Kirsimeti, shi ke ɗinka wa iyalina kaya, ya zo ya ci shinkafarmu yana kushe yajin matata. Yana kirana Mushe. Ɗiyarsa da ɗiyata sa'o'in juna ne, ba su kai shekara goma ba, kuma in ka ga ɗaya to ɗayar na bayanta.

A ƙarƙashin babban teburin da abokina yake yanka yadi a kai, can yaran nan suka gina gari. Gwangwanayen sardin su ne gidaje, murafun kwalba su ne tukwane, ƙyallayen da ke faɗowa daga bakin almakashi kuwa su ne mutanen gari, kowane ƙyalle da sana'arsa da wanda ba ya ga maciji da shi. Akwai kasuwa, akwai likita, ga coci ga masallaci suna kallon juna, har da gada, wadda daga baya na gane rulata ce da na yi ta nema a jaka. In abokina ya taka keken ɗinki ya fara ƙara, to ruwan sama ne ya sauko a garin, sai ka ji su suna ihu, "An fara ruwa! A kwashe shanya!" Ni kaina na taɓa taka musu kasuwa da takalmi, sai da aka sa na durƙusa na nemi gafarar mutanen gari.

Ana gobe ɗiyata za ta tafi bakansi, wato dogon hutun makaranta, Dogondutsi wurin mahaifiyata, sai suka yi faɗa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wani ƙyallen shuɗiyar shadda mai walƙiya ne ya faɗo, kowacce ta ce ita za ta riƙe shi. Ɗiyata ta fizge, ta murguɗa baki ta ce, "Ba ni ƙara wasa da ke har abada." Muka yi dariya. Da safe na kai ta tasha, ƙyallen na ƙunshe a hannunta.

Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, sai palu, zazzaɓin cizon sauro, ya kama ɗiyar abokina. Matata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta goya ta a baya zuwa likita, ta kuma tsaya a kanta iya ƙarfinta. Kwana kaɗan, rai ya yi halinsa. Na bi su har maƙabarta, na zauna a tabarmar gaisuwa tare da abokina. Ba na son in tsawaita a nan.

Da aka kusa komawa lakwal, mahaifiyata ta rako ɗiyata Yamai da niyyar ta ɗan zauna da mu. Tun kafin ta kwance kayanta ta je ta yi wa abokina da matarsa gaisuwa, ta dawo ta kira mu ɗaki, ni da matata.

"Kada wanda ya gaya wa yarinyar nan," in ji ta. "Ba a faɗa wa yaro mutuwa. Zuciyarsa ɗanya ce, in ta fashe ba ta ɗinkuwa. A ce an kai ta Maradi wurin kakarta. Yau da gobe za ta manta."

Matata ta ce, "Inna, yarinyar nan fa tana da wayo."

"Wayon mi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Haka aka yi wa wannan da ƙanensa ya rasu, ga shi nan ya zama mushe."

Aka juyo ana kallona. Ni kuma, gwanin surutu a gaban allo, na sunkuyar da kai na ce abin da Inna ta ce shi ne. Abokina ma da na same shi da maganar bai musa ba, ya ce su ma haka suke yi a wajensu.

Sai dai yarinyar ba ta manta ba. Kowace safiya, da jakar lakwal a bayanta, sai ta leƙa shago.

"Baba, ina kwana. Yaushe za ta dawo?"

Abokina ya duƙar da kai a kan keke kamar zare ne ya sarƙe, ya ce, "Sai kakarta ta sallame ta, ɗiyata."

In an tashi lakwal ta sake tambaya. Ranar Lahadi in mun dawo coci ta sake tambaya. Ina tsaye ina ji, ina gaya wa kaina ai yau da gobe ne, Inna ta faɗa.

Can sai ta daina tambaya, har na fara murna. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Dama tun da ta dawo ba ta shiga ƙarƙashin tebur ba, yanzu kuma ta daina wasa da kowa. In aka zuba abinci sai ta yi ta jujjuya cokali. Dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan da take cinyewa har ta lashe kwano, yanzu sai ta ture. Wuyanta ya fito, siket ɗin lakwal ya fara zamewa daga ƙugu. Matata ta kai ta aka auna jini, babu palu, babu komai. Malamar ajinsu ta tare ni ta ce yarinyar nan jikinta ne kawai ke aji.

Wata rana ina ɗaure mata igiyar takalmi, sai ta ce a hankali, "Papa, na san abin da ya sa ta ƙi dawowa. Fushi take yi da ni. Na ƙwace mata shadda, na ce ba ni ƙara wasa da ita har abada. Shi ya sa ta ce a bar ta can."

Wayyo Allah. Na ce a'a, ba haka ba ne, amma me zan ce haka ne? Matata ta ce a faɗa mata gaskiya yau ɗin nan. Mahaifiyata ta ce yarinyar da ta rame haka, in aka ɗora mata labarin mutuwa ai sai a yi biyu babu. Ni kuma ina tsakiya, tsoro ya cika ni: in na yi shiru tana ƙarewa a gabana, in na yi magana ban san abin da zai biyo baya ba.

Sai na yi abin da mushe ya iya, na tafi neman littafi. Wajen babbar kasuwa akwai masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Na ce da wani, ina son na yara, mai daɗi, mai sa dariya. Ya zaro wani na Faransanci, bangonsa da hoton yara biyu a cikin wata tsohuwar mota suna washe baki, ga tambarin zinariya a gefe.

"Mushe, wannan ya ci lambar yabo," in ji shi. "Ka ga tambarin. Manyan masana suka zauna suka zaɓe shi."

Na ce to, abin da masana suka zaɓa wa yara ai ba zai wuce zuma ba. Na saka a jaka na hau moto ina jin kaina uban da ya fi kowa dabara a Yantala.

Kullum da la'asar, in mun dawo lakwal, sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar bedin da ke ƙofar gida, dab da shagon abokina, in karanta mata. Ina karantawa da Faransanci, ina juyawa da Hausa saboda armashi. Labarin wasu yara biyu ne a wani ƙauyen masunta, da suka samu wata babbar mota matacciya a bayan gari, ba taya ba inji, kaji na ƙwai a cikinta. Ɗaya ya zama direba, ɗaya ya zama karen mota. Kullum su shiga su yi tafiya, yau su je ƙasar da ake noman alewa, gobe su tsallaka teku da mota, karen motar na rataye a ƙofa yana kiran sunayen garuruwan da babu su a duniya. Kai, marubucin nan ya iya! Ranar da na kwaikwayi muryar karen motar yana faɗa da wata kaza da ta ƙi sauka, ɗiyata ta ƙyalƙyale da dariya. Rabona da jin dariyar nan tun kafin damina. Na lura abokina ma yana rage gudun keke don ya ji, wani lokaci har ya leƙo ya ce, "Mushe, to sai aka yi yaya?"

Na shiga gida ina taƙama, na ce da matata, "Kin gani? Ku kuna da allura, mu muna da littafi." Ta ce, "Ka karanta shi har ƙarshe?" Na ce wane irin ƙarshe, littafin da ya ci lambar yabo?

Muka zo wani babi. Direba ya zo mota da safe, karen mota bai zo ba. Washegari ma bai zo ba, an ce ba shi da lafiya. Ku da kuka saba karatu a fili kun san ido yana riga baki isa. Bakina na kan layin sama, idona ya riga ya sauka ƙasa, sai na ga abin da ke tafe. Mahaifiyar direba ta zaunar da shi a bakin ruwa tana gaya masa abokinsa ya rasu.

Jama'a, gumi ya karyo mini. Na yi tari, na gyara tabarau, na juya shafi na dawo. Ɗiyata ta matso ta ce, "Papa, ci gaba mana."

Da ina da wayo, da na rufe littafin na ce sai gobe. Amma kaina ya kulle, kuma ashe ƙarya ɗaya tak bakina ya iya. Sai na ji kaina ina cewa, "Sai... sai aka kai karen motar wani gari wurin kakarsa."

Keken ɗinki ya tsaya cik.

Ɗiyata ta ɗago ta kalle ni. Ta mai da ido kan shafin, inda aka zana direba shi kaɗai a mota, ƙofar da abokinsa ke rataya a buɗe ba kowa. Yarinyar da ni da kaina na koya wa karatu tun tana ƙarama.

"Papa, ba haka aka rubuta ba."

Ta zare littafin daga hannuna, ta sa yatsa a layin, ta karanta a fili, kalma bayan kalma, har ta kai inda na tsallake. Sannan ta juya ta kalli shagon, ta juyo gare ni.

"Ita ma irin wannan wurin kakar aka kai ta?"

Na duba hagu na duba dama, babu Inna, babu matata, babu mai cetona. Na kama hannayenta biyu na ce, "I, ɗiyata. Ta rasu tun kina Dogondutsi. Palu ne ya kama ta. Mamanki ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya karɓi abarsa."

Ta fasa wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Mahaifiyata ta fito da gudu ba ko takalmi, tana cewa, "Mi ka yi? Kai, mi ka yi wa yarinyar nan?" Ni ma hawaye nake, na rungume ta ina cewa a raina shi ke nan, na kashe ɗiyata da littafin kasuwa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Can cikin shessheƙa ta ɗago ta yi tambayar da ta fi damunta.

"To ba fushi take yi da ni ba?"

Kafin in buɗe baki, sai ga abokina ya fito daga shago, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Ya tsuguna a gabanta.

"Fushi? Ke, ɗiyata, ranar da kika tafi ko azahar ba a yi ba ta huce. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ki dawo, kamar yadda kike tambayata. Ta hana a share ƙarƙashin tebur, ta ce kada a taɓa gidanki sai kin zo. Je ki duba, yana nan yadda ta bar shi."

Ta rarrafa ta shiga ƙarƙashin teburin. Muna tsaye cirko-cirko, mu uku manya, ba mai kallon wani. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, gwiwoyinta duk ƙura, sai ta je ta kama zanen mahaifiyata ta ce, "Kaka, ina jin yunwa."

Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi sauri irin na ranar ba. Ɗiyata ta zauna ta ci tuwo, tana ci tana hawaye, ta cinye ta ce a ƙara. Matata ta dawo aiki ta tarar da ita a kan kwano na biyu, ta kalle ni, na ɗaga mata kai. Sai ta jingina da bango ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ni kuwa na zauna a bakin famfo ina ta cewa na gode Allah.

Washegari da safe, kafin lakwal, na ga ɗiyata ta ɗauki mayafin kakarta ta yafa, yana jan ƙasa. Ta nufi shago, na bi ta a baya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa kamar yadda ta ga manyan mata na yi a gidan rasuwa.

"Baba, ya haƙuri?"

Abokina ya ajiye almakashi. Da ƙyar ya ce, "Da godiya, ɗiyata."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin. Amin."

Ta kwance bakin mayafin, ta ciro ƙyallen shuɗiyar shaddar nan, duk ya yamutse don riƙo, ta miƙa masa da hannu biyu ta ce, "Nata ne." Mutumin da na ga ya binne ɗiyarsa ido a bushe, ranar ya kifa kai a kan keke ya yi kuka kamar yaro. Ta wuce ciki ta yi wa matarsa irin gaisuwar.

Daga baya da muke shan shayi, ya ce mini, "Mushe, wallahi ka sauke mini kaya. Duk safiyar da yarinyar nan ta tambaye ni yaushe za ta dawo, sai in ji kamar ranar aka yi rasuwar. Kuma ba dama in ambaci sunan ɗiyata a cikin gidana, kada ɗiyarka ta ji." Na ce ba ni na sauke ba, ni ma ƙoƙarin ƙara masa kaya nake yi littafi ya kama ni.

Ɗiyata ta dage sai mun ƙarasa littafin. Na ce ko mu bar shi, ta ce a'a, tana son ta ga yadda direban zai yi. Marubucin bai ta da mamaci ba, bai kuma ce yaron ya manta ba. Ya dai bar shi ya yi fushi, ya yi kuka, ya ƙaurace wa motar, sannan wata rana ya koma ya zauna ya kira sunayen garuruwan da kansa. Mahaifiyata, wadda ta ce ba ruwanta da littafin Nasara, tana zaune a gefe tana tsinke zogale, kunnenta na wurinmu. Da muka rufe sai ta ja tsaki ta ce, "Wannan wane irin mutum ne, ya rasa abin da zai rubuta wa yara sai mutuwa?" Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, sannan ta ce, "Da ƙanenka ya rasu, kai ma ka daɗe kana zama a bakin hanya."

Ba na ganin laifin Inna, ƙauna ce ta sa ta, kuma haka ta tarar ana yi. Sai dai na gane cewa in ka ɓoye wa yaro gaskiya, ba zama zai yi hannu rabbana ba, zai ƙirƙiro tasa, kuma sau da yawa tasa ta fi gaskiyar ciwo, don kansa zai ɗora wa laifi. Yaran da suka iya gina gari da gwangwani ai sun iya gina dalili. Na kuma gane abin da tambarin zinariyar nan yake nufi. Ni na ɗauka shaidar zaƙi ce, ashe masanan sun ba shi ne don bai raina hankalin yara ba. Yanzu kowace shekara ina karanta wa ajina shi, amma ina fara tambaya ko akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, kuma ba na ƙara kawo littafin da ban kai ƙarshensa ba. Matata har yau in ta ga na sayo sabo sai ta ce, "Mushe, an duba ƙarshe?"

Ɗiyata ta girma, ta bi sahun uwarta, tana karatun jinya. In na ga ta cika kwano ta zauna tana ci, har yau sai in ji sanyi a raina. Abokina yana nan a shagonsa na Yantala, gemu ya yi fari, ƙyallen shaddar nan kuma yana ɗaure a wuyan kekensa, ya koɗe har ba ka gane launinsa. Kwanan baya muka kai masa ɗinkin Nowel ni da ita. Muna cikin gaisawa ya taka keke, ƙara ta cika shagon, sai na ji ta ce, "Baba, an fara ruwa."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗinkinsa yana murmushi, ya ce, "To a kwashe shanya, ɗiyata."